Layin da Na Ja a Fuskar Inna

Zuwa ga sanyin idaniyata, fitilar ɗakina, inuwar da nake gudowa in fake duk ranar da duniya ta yi mini zafi,

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina. Ke ce ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira, ke ce ƙamshin da ke tashi a bayansa. Ke ce hantsin nan da ke shigowa ta tagar ɗakin zanenmu, ya bi ta kan kwalaben fenti ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya kwanta a bayan hannuna. Muryarki ta fi mini kukan tsuntsun safiya daɗi, shirunki ma ya fi mini hirar mutum goma. Kin san na iya irin waɗannan kalamai, da su na yi ta sintiri a ƙofar gidanku har aka gaji aka ba ni ke. Amma yau na zuba su tun daga farko ne saboda abin da ke biye da su ba shi da daɗin ji.

Ina zaune a ofishin malamai. An tashi daga darasin rana, kowa ya kama gabansa, ba kowa sai ni da fankar nan mai ƙara kamar za ta faɗo. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke kwana ɗaki ɗaya, kuke shan shayi a tebur ɗaya. Sati uku ke nan ina ɗauko maganar nan har bakina, in ɗaga ido in dube ki, in haɗiye ta da miyau. Kunya ta hana ni, tsoro ya taya ta. To ga ta a takarda, tunda takarda ba ta da idon da za ta dube ni da shi.

Ƙarya na yi miki a kan zanen mahaifiyarki, Inna. Ba mota ce ta ɓata shi ba. Ni ne, da hannuna, a gaban ɗalibai talatin da biyu, kuma ina sane.

Na san yanzu kin ajiye takardar a cinya kin tsura wa bango ido, yadda kike yi in abu ya fi ƙarfin magana. Don Allah ki sake ɗauka. Ba don in wanke kaina ba, babu ruwan da zai wanke ni. Akwai abin da nake tsoron ki rasa ranar Asabar ɗin nan saboda ƙaryata, kuma abin ya fi ni daraja.

Kina tuna ranar da kika fara shigowa ajina na manya, shekara shida da suka wuce? Kin taso daga wurin aiki, daga ɗakin gwajin jini, farar rigarki a naɗe cikin jaka, kika zauna can kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu. Na ɗora farar buta a kan tebur na ce kowa ya zana. Duk 'yan ajin suka miƙa hannu da fensir, suka kanne ido ɗaya suna awo yadda na koya musu. Ke ko kallon fensir ba ki yi ba. Da na zagayo kanki sai na tarar da wata buta ja wur, ta karkace gefe, bakinta a wangale kamar za ta yi ihu. Na ce, “Baiwar Allah, ina kika ga ja a jikin butar nan?” Kika ce, “Malam, ai tafasa take yi.” Na ce babu wuta a ƙarƙashinta. Kika ce, “To ni dai haka na ji ta.” Aka yi dariya, har da ni. Amma da na koma gida kasa cin abinci na yi. Wace irin mace ce wannan, da take wuni tana auna ɗigon jini da ma'aunin da ba ya yafe kuskure ko na ƙwayar zarra, amma da ta riƙe burushi sai ta watsar da awo ta bi abin da ke ƙirjinta? Ranar na kamu, ban kuwa nemi magani ba.

Daga baya na gaya miki cewa abin da kike yi yana da suna. Masana sun daɗe da raba zanen zamani gida-gida, kuma gidaje biyu na fi koyarwa. A littafi ana ce musu kiyubizim da isfireshinizim, sunayen da sai mutum ya kusa karya harshe kafin ya furta. Ni a aji salon kusurwa da salon zuci nake kiransu. Salon kusurwa shi ne nawa. Mai shi ba ya yarda ya tsaya wuri ɗaya ya kalli abu. Sai ya zagaya shi, ya gan shi ta gaba, ta gefe, ta sama, sannan ya farfasa shi gunduwa-gunduwa, ya jera duk abin da ya gano a kan ƙyalle ɗaya. Launinsa ba ya ɗaga murya: ruwan ƙasa, ruwan toka, ɗan shuɗi in an matsa. Aikin kai ne, aikin haƙuri da rula. Salon zuci kuwa, naki, ba ruwansa da yadda abu yake a ido, yadda ya ji shi a rai yake bi. In baƙin ciki ya ce sama ja ce, to ja ce. In tsoro ya ce fuska koriya ce, haka za a bar ta. Layi ya karkace, fenti ya yi kauri har ya yi tudu, duk ba laifi. Nawa yana tambaya, yaya abin nan yake in an duba shi ta ko'ina? Naki yana tambaya, me abin nan ya yi mini? Kika ce, “Ashe har suna gare shi? Ni na zaci rashin iyawa ne.” Na rantse miki ba rashin iyawa ba ne, kuma ranar gaskiya na faɗa.

Sai dai bayan an ɗaura, malamin ya biyo miji har cikin gida. Sau nawa na tsaya a bayanki ina girgiza kai, ina cewa fentin ya yi yawa, ina awo, wannan kafaɗar ta fi waccan tsawo? Kina dariya, kina cewa in koma kusurwoyina in bar ki da haukanki. Na ɗauka wasa muke yi. Farkon aurenmu ma na zana ki a salona, wata uku ina kai. Inna, Allah ya jiƙanta da rahama, ta zo ganin gida, ta tsaya gaban zanen ta daɗe. Ba ta dube ni ba, kin san ta da kunyar suruki. Ke ta juya ta ce wa, a hankali amma yadda zan ji, “Ki tambayar mini mijin naki, lafiya lau na ba shi 'yata, me ya kai hancinta kusa da kunne?” Kika yi dariya har kika zauna a ƙasa. Ni ma na yi. Amma tana tafiya na tsare ki da lacca ta rabin awa, wai waɗanda ba su yi karatun zane ba ba za su gane ba. Tun ranar ya kamata ki san irin mutumin da kika aura, mai dariya a gaban jama'a, ya koma ɗaki yana lasar ciwon da ba wanda ya ji masa.

Sannan Inna ta kwanta. Wata bakwai kina kanta. Da hannunki kike gwada jininta, kina ganin sakamakon kafin likita ya gani, ki wanke fuska ki shiga ki ce mata, “Da sauƙi, Inna.” Tun da ta fara ramewa ta hana kowa ɗaukar ta hoto, ta ce a tuna da ita yadda aka san ta. Kwana goma bayan rasuwarta kika shiga ɗakin zane kika turo ƙofa. Wuni biyu kika yi a ciki. Burushi ma ba ki taɓa ba, da wuƙar fenti kika yi aikin, da yatsunki. Da kika buɗe na shiga, sai na gan ta. Fuskarta koriya, idanunta sun faɗa can ciki amma suna kallon mutum har ya rasa inda zai sa kansa, hannunta na dama ya fi kanta girma, ta dafe haƙarƙarin hagu da shi. Bayanta duk ruwan ɗorawa ne, irin na labulen ɗakin da ta kwanta. Ko alama bai yi kama da Inna ba, kuma ban taɓa ganin abin da ya yi kama da ita kamarsa ba.

Shekara goma sha biyar ina zane, na san a take cewa ban taɓa yin abin da ya kai wannan ba, kuma ba na jin zan yi. Kina tsaye kina jiran abin da zan ce, fenti har gwiwar hannunki, idonki ya kumbura. Me na ce miki, ya ke rabin raina? Na ce, “Fentin ya yi kauri, zai daɗe bai bushe ba.” Abin da na iya faɗa ke nan. Wallahi ko yanzu da na rubuta shi sai da na rufe fuskata da tafin hannu.

Abin ya ƙaru ranar da matar nan mai kula da zauren baje kolin zane ta zo gidanmu zaɓen abin da za a rataya. Nawa ta zo gani, babban zanen nan na mai keken ɗinki, wanda na yi shekara ina farfasa shi ina jerawa. Ta duba, ta yaba, ta ce aiki ya yi kyau. Tana juyawa za ta fita idonta ya faɗa kan Inna. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce bangon tsakiya na wannan ne. Nawa aka ba shi bangon gefe, kusa da ƙofar fita. Na taya ki murna, har na tafa. Abin da ke cikina kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Kowane zango ina da darasi guda da nake kwatanta salon biyu. Da hotunan littafi na saba yi. Bana sai na ce ki ara mini Inna in kai aji, in jera ta da mai keken ɗinkina. Na gaya wa kaina don in ɗaukaka ki ne, wataƙila ma akwai ɗan gaskiya a ciki, amma ba ita ce ke riƙe da sitiyari ba. Murnar da kika yi har yanzu tana suka na. Kika nemo kwali, kika yanka, kika sa 'yan katako a kusurwoyi don kada komai ya taɓa fuskar. Kika rako ni har mota kina cewa, “Malam, ka lallaɓa ta, sati biyar ne kawai da zana ta. Samanta ne ya bushe.” Na ce, “Ni za ki koya wa fentin mai?”

Na jingina su biyun a gaban aji, na fara da nawa. Na nuna musu yadda na ga keken ta sama da ta gefe a lokaci guda, yadda fuskar matar ta rabu uku, yadda kowace kusurwa ke tallafe da 'yar'uwarta. Suka yi ta gyaɗa kai suna rubutu. Wani ya ɗaga hannu, na ji daɗi, ashe tambaya zai yi ko wannan zai fito a jarrabawa. Sai na buɗe naki. Bironsu duk suka tsaya. Akwai wata mata a ajin da ta dawo karatu bayan ta aurar da 'ya'yanta, ta girmi kowa har da ni, Uwar Aji suke kiranta. Ta miƙe a hankali ta dafe nata haƙarƙarin, ta ce, “Malam, baiwar Allahn nan a nan ciwon yake cin ta, ko? Haka mahaifina ya riƙa dafe nan.” Hawaye suka zubo mata, ba ta ma share ba. Wata ta tambaya ko ni na zana wannan ma. Na ce a'a, mai ɗakina ce. Can baya na ji wani ya raɗa wa na kusa da shi, “Ai na faɗa maka.”

Wannan 'yar raɗar ita ta ƙarasa ni. Na ce musu kuka ba zane ba ne, kowa ma ya iya kuka. Na ce bari in nuna muku yadda mai ilimi zai gina fuskar nan tun daga tushe. Na ɗauki rular ƙarfe da gawayi.

Ki saurare ni da kyau a nan, don nan ne ba na son in rage wa kaina komai. Akwai takarda mai shara-shara a aljihun teburina, da na ɗora ta na yi layin a kanta. Akwai allo a bayana, da na kwafi fuskar da alli. Kuma abin da nake fara koya wa duk ɗalibin shekarar farko shi ne, fentin mai in ya yi kauri samansa ne ke yin fata, cikinsa yana nan ɗanye har watanni. Ni na koya miki wannan. Ke kika tuna mini da shi a bakin mota da safiyar ranar. Duk da haka na ɗora rular daga idon hagu zuwa haɓa, na danna gawayin. Nan take na ji fatar fentin ta fashe, kamar ta madarar da aka dafa ta huce. Jan da kika fara shimfiɗawa a ƙarƙashin koren ya ɓullo. Uwar Aji ta ce, “Malam, bai bushe ba.” Na ji ta sarai. Ban tsaya ba. Na ja layin har haɓa.

Na ci gaba da surutu a kan kusurwa da daidaito, ni kaina ban san me nake faɗa ba, har lokaci ya cika. Suka fita ɗaya bayan ɗaya ba mai duba na. Uwar Aji ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta kalle ni ba, zanen ta kalla, ta ce, “Allah ya ba mai shi haƙuri.”

Na fi awa ɗaya zaune cikin mota a harabar makaranta, ina tsince burbushin gawayi daga cikin layin da bakin hankici, ina ƙulla ƙaryar da zan kawo miki. Wai wani mai babur ne ya faɗo gabana, na taka birki, kwalin ya zame ya bugi akwatin kayan gyara. Na maimaita ta har na haddace. Kika buɗe kwalin a falo, kika daɗe kina kallo, ni kuwa ina tsaye kamar wanda aka dasa. Abin da kika fara cewa shi ne, “Kai dai ba ka ji ciwo ba ko?” Da mari na kika yi, da ya fi mini sauƙi. Sannan kika ce, “Laifina ne. Kullum kana faɗa mini fentin yana yin kauri.” Kika juya fuskar Inna ga bango, kika shiga kika dafa mini shayi, wai don na tsorata. Na kuwa sha. Har ƙasan kofin na shanye.

Ko kin sani? Tambayar nan ba ta bari na in huta. Wace mota ce ke jan layi miƙaƙƙe haka, ba lanƙwasa ba gargada? Ke da kike hango abin da ido ba ya gani a cikin ɗigon jini, yaya za a yi wannan ya wuce ki? In ba ki sani ba, na cuce ki. In kuwa kin sani kika yi shiru don ki rufa mini asiri, to kunyata ta ninka, don kin ɗauki laifina kin aza a kanki ina kallo na bar ki da shi.

Duk wannan da na iya haɗiye shi, Allah ya yafe mini, da na ci gaba da haɗiyewa. Abin da ya fi ƙarfina shi ne abin da ya biyo baya. Kwana biyar bayan nan kika leƙo kika ce, “Malam, ara mini rularka.” Ita ce dai, rular nan. Na wanke ta sau uku, amma har yau akwai ɗan ja a cikin ramin lambobinta. Na miƙa miki da hannuna. Kika zauna kina awo, kina kanne ido ɗaya, kina goge layi kina sakewa. Kika zana kujerar nan ta bakin taga, kusurwa-kusurwa, ruwan toka da ruwan ƙasa, fenti siriri kamar ana tsoron kada ya ƙare. Kika kira ni kika ce, “Na yi daidai?” Ban taɓa jin kin yi wa kowa wannan tambayar a kan zanenki ba. Na ce kin yi daidai. Kin kuwa yi, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Ke ce dai babu. Na duba lungu-lungu ban same ki ba.

Shekaranjiya kuma kika ce kujerar za ki kai baje kolin a madadin Inna, wai gara ki fara koyon aikin yadda ya kamata. Yadda ya kamata! Ya hasken idona, wa ya isa ya koya wa kogi yadda ake gudu? Na ɓata zane ɗaya da rula, yanzu ina kallon ƙaryata tana shirin ɓata duk waɗanda ba ki zana ba tukuna. Wancan layin tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, wannan kuwa ban san inda zai tsaya ba.

Kada ki tsani salon kusurwa saboda ni, shi bai yi laifi ba. A fahimtata asalinsa ma tawali'u ne, mutum ya yarda cewa kallo ɗaya daga wuri ɗaya bai isa a san abu ba. Ni ne na ɗauke shi na mayar da shi sanda. Shekara shida ina zagaya ki. Na san gefen fuskarki in kina karatu, na san ƙeyarki in kin sunkuya kan tukunya, na san yadda kafaɗarki ke saukowa in kin dawo daga aiki a gajiye, zan iya zana duk wannan ido a rufe. Amma baƙuwar da ba ta taɓa ganin Inna ba ta kalli zanenki sau ɗaya ta nuna inda ciwon yake, ni kuwa da na ɗauki gawarta a kafaɗata kaurin fenti na gani. Gidajen nan biyu babu wanda ya fi wani, na sha faɗa a aji. Ashe bakina ne kawai ya yarda da haka.

Kuma kada ki ɗauka jarumta ce ta sa na rubuto. Ɗalibaina za su zo baje kolin ranar Asabar, Uwar Aji ma ta ce za ta zo ta gaishe ki. Tsoron kada ki ji a bakin wani yana cikin abin da ya tura ni, ba zan ɓoye ba, na gaji da ɓoyo. Amma ko da babu wanda zai zo, ba zan iya sake ganin rular nan a hannunki ba.

Ga roƙona. Ki ajiye kujerar. Ki juyo da fuskar Inna. Na iya cike layin nan yadda ko mai tabarau biyu ba zai gano ba, hannuna ya san wannan aikin, amma ba zan sake taɓa ta ba har abada, ba ni da wannan hurumin. In kina so ki gyara, da yatsunki za ki gyara. In kina so ki bar shi, ki bar shi. Ni dai burina in dawo gida in tarar da ke fenti har gwiwar hannu, kin zuba shi ya yi tudu, ya shekara bai bushe ba in ya ga dama.

Jiya na je zauren. Na gaya wa matar nan mai kula da shi komai, tun daga rula har zuwa mai babur ɗin da babu shi. Ba ta zage ni ba. Ta tambaye ni, “Malam, ka gaya wa matarka?” Na ce tukuna. Ta ce, “To me kake yi a nan?” Na ce na zo janye zanena ne, ba zan rataya komai ba bana. Ta ce wannan ruwana, amma bangon tsakiya yana nan a buɗe har ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a, kuma ita tabo bai taɓa sa ta ƙi zane ba. Ta ba ni takardar shiga. Za ki same ta a naɗe cikin wannan ambulan.

A ƙasan takardar akwai wurin da aka ce in zanen yana da tabo ko lalacewa a bayyana. Ta ce duk abin da aka rubuta a nan shi ake bugawa a ɗan katin da ake liƙawa gefen zanen, kowa ya karanta. Na cike wurin da hannuna. Na rubuta: “Layi ɗaya daga idon hagu zuwa haɓa. Mijin mai zanen ne ya ja shi da gangan, saboda hassada.” Shugaban sashenmu zai zo, abokan aikina za su zo, duk wanda na taɓa yi wa lacca zai tsaya ya karanta. Na yarda. Sa hannunki kaɗai ya rage.

Na roƙi yayarki ta biyo ta nan ta karɓi wasiƙar ta kawo miki, don ba na son ki karanta ke kaɗai a gida. Ban gaya mata abin da ke ciki ba, wannan ke za ki zaɓa. Ni kuma sai rana ta yi sanyi zan taho. Zan tsaya a ƙofa in yi sallama kamar baƙo, ba zan sa makulli ba. In kin amsa, zan shigo in zauna inda kika nuna mini. In ba ki amsa ba, zan tafi gidan ƙanena, gobe in dawo in sake yi, jibi ma haka. Ban roƙi ki yafe mini yau ba, ban ma san ko na cancanta ba. In ya zamana zuciyarki abu ɗaya kaɗai za ta iya ɗauka a wannan satin, ko yafe mini ko komawa ga hannunki, to ki bar ni a waje. Ki sa hannu a takardar.

Naki ne ni, ƙofa a buɗe ko a rufe, ba ni da wata kafin ke kuma ba zan yi wata bayanki ba, har ranar da za a rufe mini ido.

Mijinki mai jin kunyarki.